Sassaƙen Hano da Ƙaronsa a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya shimfiɗa buhu a kasuwar Gidan Rumji yana sayar da itatuwan magani, da wuya a rasa hano a gabansa. Ga saiwar sanya, ga sassaƙen maɗaci da na marke, ga bagaruwa an tsiba, a tsakiyarsu kuma ga wani ɓawo mai kauri, cikinsa ja-ja, bayansa na saɓulewa falle-falle. Shi ne hano, wanda mutanen Kano da Zariya suka fi sani da ararraɓi. Ana jiƙa shi a sha don ciwon ciki da atuni da basir, ana dafa shi a yi wanka don zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, ana daka shi a barbaɗa a gyambo. Mai saye ba ya tambayar inda ɓawon ya fito. Da zai tambaya, da an ce masa daga kudu, wajen dajin Baban Rafi, ko ma ƙetaren iyaka, ƙasar Katsina da Zamfara. A gonakinmu na nan Gobir itacen ya yi wuyar gani, har akwai samarin da suka sha jiƙonsa tun suna goye amma ba su taɓa ganinsa a tsaye ba.

Itace ne matsakaici, ba ya kai gawo ko tsamiya. Yana son tudu mai tsakuwa da gindin duwatsu. Da kaka ta wuce sai ya zubar da ganye ƙaf, sa'an nan cikin rani ya fitar da ƙananan fararen furanni masu ƙanshi tun ganyen bai dawo ba. In an sare shi sai ya tsatso da wani farin ruwa mai danƙo, wanda ke daskarewa ya zama ƙaro, kuma in aka jefa ƙaron a garwashi ɗaki gumewa yake da ƙanshi. Abu biyu ke nan itacen ke bayarwa, ɓawo da ƙaro. Mun rungumi ɓawon har muna kashe itacen dominsa, mun bar ƙaron yana bushewa a banza, alhali a ganina shi ya fi daraja.

A da, sassaƙe ba kayan kasuwa ba ne. Bayan Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1808, Gobirawa sun yi shekaru suna kai da komo ba su da tsayayyen birni. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka faɗi a fagen daga. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, ƴar tafiya kaɗan daga Maraɗi, ta zama sabuwar fadar Gobir. Daga nan har ƙarshen ƙarni na 19 zaman ɗar-ɗar ake yi, yau hari daga Sakkwato ko Katsina, gobe ramuwa daga Tsibiri da Maraɗi. Mutane suka takure a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da garuruwa masu ganuwa da kafi, ba mai yarda ya yi gona nesa da inda zai iya gudu ya shige. Sai daji ya samu sarari. Fadamar gulbi ta cika da kurmi, jigawa kuwa ta miƙe arewa ba wanda ya sa mata gatari.

Dajin nan yana da masu shi. A wurin Anna, mutanen da aka tarar a ƙasar, kowane dangi da gādonsa: waɗansu noma, waɗansu farauta, waɗansu ƙira, waɗansu su. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1975. Magani kuwa gādo yake bi. Maƙeri ke da maganin ƙuna, masunci ke cire ƙayar kifi daga maƙogwaro, maɗori ke da karaya, maharbi ke da dafi da makarinsa. Wanda ya san inda hano yake, ya san lokacin ɗibarsa, maharbi ne, domin shi ke kwana a daji. Ba a sayen magani a wurinsa, roƙa ake yi, in an warke a kai masa kaza ko damin gero.

Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma ya riski tsofaffin da suka yi yaƙi da kwari da baka. Ina yaro nakan riƙe masa gora in zai je ɗibar sassaƙe. Da sassafe yake fita. In ya isa gindin hano sai ya yi masa sallama, ya sassaƙi gabas faɗin tafin hannu, ya zagaya ya sassaƙi yamma, ya bar kudu da arewa bai taɓa su ba. Daga nan ya kwaɓa ƙasa ya shafe inda ya sara, ya zuba ƴan ƙwayoyin gero a gindin itacen. Wata rana na ce masa, "Kaka, ga ɓawo nan da yawa, me ya sa ba za mu cika burgamin ba?" Ya ce, "Abokina, icce rai garai. In munka zagaye shi da gatari, baɗi wa za mu roƙa?"

Malamai sun yi wa'azi a kan sallamar da geron, kuma suna da hujjarsu. Abin da ke damuna shi ne, da muka bar waɗannan sai muka haɗa har da gabas da yamma muka yar, alhali ita wannan ƙa'ida ba ta da alaƙa da tsafi. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In an bar ɓawo a gefe biyu hanya ba ta yanke ba, raunin zai cike. In aka kewaye gindin aka kware shi duka, saiwa ta rasa abinci, itacen ya bushe a tsaye.

A zamanin yaƙi hano na cikin makarin dafin kibiya. Dafin kuwa na ƙwanƙwani ne, wanda ake dafa ƴaƴansa a shafa wa tsinin kibiya. A nan ba na bin tsofaffinmu har ƙarshe. Dafin ƙwanƙwani zuciya yake nufa, kuma in ya shiga jini da yawa babu ɓawon da ke tare shi. Abin da hano ke iya yi shi ne wanke rauni, da tsuke shi, da rage zogi da kumburi ga wanda dafin bai kama sosai ba. A lokacin da babu allura babu ƙwaya, wannan ma ba ƙaramin taimako ba ne.

Ana cikin haka, fatake da alhazai na shigo da lubban daga gabas. Malamai na ba almajirai su tauna don hadda, mata na sa shi a turaren wuta, kuma da tsada ake sayensa. Daga Zufar ta ƙasar Oman yake fitowa, da Somaliya, da Habasha, da Sudan. Cinikinsa tsoho ne ƙwarai: kusan shekara 3,500 da suka wuce sarauniyar Masar Hatshepsut ta tura jiragen ruwa ƙasar Punt neman irin wannan turare. A gidanmu kakata na ƙulle lubban a bakin zane tana tattalinsa, ga hano nan a shingen bayan gida, wanda aka kafa da rassa suka kama, ƙaro na daskarewa a jikinsa. Takan kankaro shi ta turara tufafi ko ta kori sauro, shi ke nan. Ba a taɓa haɗa su a magana ɗaya ba, alhali itacen lubban da hano ƴan gida ɗaya ne.

Wanda ya kai wannan zumunci ga takarda wani likita ne ɗan Sikotilan, John McEwen Dalziel. Ya yi aiki a Sin, sa'an nan a 1905 ya shiga aikin likitancin Turawan mulki a Afirka ta Yamma, aka kai shi Arewacin Nijeriya. Mutum ne mai tambaya. Duk inda ya sauka sai ya tara ganye da fure, ya rubuta sunan da Hausawa ke kiran itacen da abin da suke yi da shi, ya aika lambun Kew da ke Landan. A 1910 masanin tsirrai John Hutchinson ya tabbatar hano na cikin dangin lubban, ya sa masa suna Boswellia dalzielii don girmama likitan. Dalziel ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sai babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Na yaba masa, domin ya rubuta abin da da ya ɓace. Amma ilimin na maharba da bokaye da ungozomomi ne, waɗanda sunan ko ɗaya daga cikinsu bai shiga littafi ba.

A ɓangarenmu na Nijar an makara. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba Gobir da Katsina kowace gida biyu, aikin Dalziel ya tsaya a kudu, cikin Ingilishi. Sai a 1980 aka buga babban kundin tsirran magani na Nijar, wanda ayarin Farfesa Adjanohoun ya tattara. Ƙungiyar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ce ta buga shi, wadda aka kafa a Yamai a 1970, kuma lokacin da aka buga kundin babban sakatarenta ɗan Maraɗi ne, masanin kimiyyar sinadarai, Dan Dicko Dankoulodo, wanda jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa yau.

Kafin kundin ya fito, dajin da ake maganarsa ya riga ya tafi. Da yaƙi ya ƙare a farkon ƙarni na 20, mutane suka fita daga ganuwa suka bazu a jigawa, kowa ya sari gona ya kafa gida, shi ya sa sunayen garuruwanmu da yawa ke farawa da Gidan wane ko Garin wane. Gyaɗa ta zo, haraji ya zo da ita, gona ta ci daji. Ambaliyar 1945 ta tashi Maraɗi daga kwari ta hau tudu, birnin ya yi ta girma yana cin itacen wuta da na gini. Gidan Rumji kanta, da ke bakin babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, ta zama mazaunin hukuma, kasuwarta ta cika. Sai farin 1973 da 1974, sai yunwar 1984 da muke kira El Buhari. Dokar gandun daji ta Faransawa ta 1935 da wadda ta gaje ta a 1974 sun sa manomi na ganin itace na gwamnati ne, ba nasa ba, har wanda ya tsiro a gonarsa. Wanda ke tsoron tara in ya sare reshe, gara ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi. Haka aka yi ta yi.

A cikin waɗannan shekaru ne sassaƙe ya tashi daga gādo ya koma neman abinci. Mutumin da gonarsa ba ta kai shi rani ba, ya ga ana sayen ɓawo a Maraɗi, sai ya ɗauki gatari da buhu. Ban ga laifinsa ba, yunwa ce ta aike shi. Sai dai shi bai gāji ƙa'ida ba, kuma itacen ba na ubansa ba ne, in ya bar rabi wani ne zai zo gobe ya kwashe. Ya kware gindi, ya hau ya kware rassa. Hano na da ɓawo mai taushi da kauri, mai saurin ɓantaruwa, saboda haka yana cikin waɗanda suka fara ƙarewa. Daga baya aka samu masu mota da lasifika, ana zuba garin sassaƙe a leda, ana lissafa cututtuka goma sha a kan ƙulli ɗaya. Na taɓa tambayar wani dattijo mai shimfiɗa a kasuwa ko yana da ƙaron hano. Ya dube ni ya ce, "Malam, wa ka sayen wannan? Ɓawo mutane suka sani."

To ga abin da ya sa na tambaye shi. Na yi aikin jinya a ɗakunan shan magani na karkara, kuma rabin abin da ake kawo mana kumburi ne ta wata fuska. Ƙaya ta soki manomi a ƙafa, kafin gari ya waye wurin ya yi zafi, ya yi ja, ya tashi, yana zogi. Jiki ne ke yin wannan da kansa. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Waɗanda suka fi yawa, fiye da rabi, ana kiransu nutrofil. Akwai kuma manya masu suna makrofaj da ke zaune a cikin tsoka. Da ƙwayar cuta ta shiga, waɗanda ke kusa sai su saki sinadaran da ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsatso, nutrofil su fito su haɗiye ƙwayoyin cutar. Mugunyar da ake matsewa, yawancinta gawarwakinsu ne.

Abin ya yi kama da gobara a ƙauye. Wanda ya fara gani ya yi kururuwa, maƙwabta su fito da tuluna, duk wanda ya iso ya ƙara tasa kururuwar. Haka ake so. Amma in wuta ta mutu ba a daina kururuwa ba, jama'a za su ci gaba da tururuwa, su tattake darni, su jiƙa hatsin da wuta ba ta taɓa ba. Amosanin gaɓɓai, da asma, da waɗansu cututtukan hanji masu daɗewa, duk suna da rabo a irin wannan kiran da ya ƙi tsayawa.

Sinadaran kiran daga wani maiƙo suke fitowa, wanda ke cikin fatar ƙwayar halitta, ana ce masa asid arakidonik. Hanya biyu yake bi. A ta farko, wani sinadari mai sarrafawa da ake kira COX ke mayar da shi furostagilandin, mai kawo zogi da zazzaɓi. A 1971 John Vane a Landan ya nuna wannan hanya asfirin ke toshewa, kuma ita ce ibuprofen da diclofenac ke toshewa, ƙwayoyin nan da ake tallarsu a faranti, manoma na haɗiya bayan noma har su ci musu ciki da ƙoda. A hanya ta biyu, wani mai sarrafawa da ake kira 5-LOX, wanda ke cikin fararen ƙwayoyin jini, shi ke mayar da maiƙon lukotirin. Bengt Samuelsson na cibiyar Karolinska a Siwidin ya bayyana lukotirin a 1979. Ɗaya daga cikinsu, LTB4, aikinsa janyo ƙarin nutrofil zuwa wurin rauni, waɗansu kuma su ke matse hanyar numfashi ga mai asma. A 1982 Vane da Samuelsson da Sune Bergström suka raba kyautar Nobel a kan wannan fanni. Asfirin da ƴan uwansa ba sa taɓa hanya ta biyu.

A nan dangin lubban suka shigo. Masu maganin gargajiya na Indiya sun daɗe suna ba da ƙaron nasu itacen, Boswellia serrata, don ciwon gaɓɓai. A 1986 Singh da Atal a Jammu suka nuna yana rage kumburi a jikin ɓeraye. A 1991 Hermann Ammon da abokan aikinsa a jami'ar Tubingen ta Jamus suka ɗebi nutrofil na ɓera, suka zuba musu abin da suka tatso daga ƙaron, suka tsokane su, sai suka ga LTB4 da ƙwayoyin ke fitarwa ya ragu. Shekara ɗaya bayan haka, tare da Hasan Safayhi, suka nuna waɗansu sinadarai ne a cikin ƙaron, asid boswelik, ke hana 5-LOX aiki, kuma mafi ƙarfinsu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da AKBA. A 2005 masu bincike a Ulm ta Jamus suka ƙara gano cewa irin waɗannan sinadarai na hana fararen ƙwayoyin jini kunna wani makunni na cikinsu mai suna NF-kB, wanda in ya kunnu ƙwayar ke zubo TNF, ɗaya daga cikin manyan masu rura kumburi.

Binciken da ya fi burge ni ya fito a 2020, daga ɗakin binciken Marcia Newcomer a Luwiziyana ta Amurka da na Oliver Werz a Yena ta Jamus. Sun gano ainihin inda AKBA ke zama a jikin 5-LOX. Ba ya shiga ramin da ake sarrafa maiƙon. A wani lungu na gefe yake maƙalewa, sai siffar mai sarrafawar ta ɗan sauya, ya rage yin lukotirin, ya karkata ga yin waɗansu sinadarai na dangin masu kwantar da kumburi. Wato ƙwayar ba a kashe ta ba, ba a hana ta tsaron jiki ba, abin da take fitarwa ne aka juya.

Sai dai abin da ya faru a kwalbar gwaji ba lalle ya faru a jikin mutum ba, kuma masu binciken da kansu suka faɗa. AKBA ba ya ratsa hanji da sauƙi, ɗan abin da ya shiga jini kuma wani furotin mai suna albumin ke riƙe shi. Ayarin Werz ya nuna a 2009 cewa a cikin cikakken jini ƙarfinsa a kan 5-LOX na raguwa ƙwarai. Sun kuma gano wani asid boswelik ɗin, wanda ya fi yawa a jini bayan an sha, yana toshe waɗansu masu sarrafawa dabam da ke da hannu a kumburi. An lura cin abinci mai maiƙo tare da maganin na ƙara yawan abin da ke shiga jini. Gwajin da aka yi a kan mutane, kamar na masu ciwon gwiwa 30 a Indiya a 2003, ya nuna zogi ya ragu, tafiya ta ƙaru, amma gwaje-gwajen ƙanana ne. Sauƙi ne ake samu. Wanda ya ce maka yana warkar da amosani ko kansa, kuɗinka yake so.

Duk wannan a kan itacen Indiya da na Larabawa aka yi. Namu fa? A 2019 masu bincike na jami'ar Ulm suka tara ƙaron itatuwan lubban iri-iri daga ƙasashe dabam-dabam, suka auna sinadaran da ke cikin kowanne. Ƙaron hano na Afirka ta Yamma ya fito cikin waɗanda suka fi kowa yawan AKBA. Wannan ƙaron da kakata ke korar sauro da shi. Yanzu haka ana tara shi a Burkina Faso da Nijeriya ana fitarwa waje don yin man turare.

Ɓawon ma ba banza ba ne. Yana da bauri irin na bagaruwa, sinadarin da ke tsuke hanji da bakin rauni, kuma a jami'o'i da cibiyoyin bincike na Nijeriya an gwada ruwansa a kan ɓeraye an ga yana rage zawo. Tsofaffinmu ba su yi ƙarya ba. Amma asid boswelik a ƙaro ya fi taruwa, kuma abu ne mai son maiƙo, ba ya narkewa da kyau a ruwa. Saboda haka wanda ya jiƙa sassaƙe a tukunya yana jiran abin da aka gani a Tubingen, kaɗan ne zai kai bakinsa. Itacen da aka kware aka kashe don buhu ɗaya na ɓawo, da an bar shi da ya yi shekaru yana ba da ƙaro.

Akwai abin da ba zan bari ya wuce ba, domin na gan shi da idona. Mai ciki da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, da yaron da ya kumbura saboda rashin abinci mai gina jiki, da wanda maciji ya sara, babu ɗayansu da hano zai yi wa amfani, ɓawo ko ƙaro. Nasu ruwa ne ya taru a jiki ko dafi ne ke aiki, asibiti za a kai su a ranar. Haka mai ciwon sukari da gyambo a ƙafa. An sha kawo mana irinsu an cika raunin da garin sassaƙe, an yi makonni ana jira, sai da ƙafar ta fi ƙarfinmu.

Ƙasarmu ta nuna wa duniya itace na iya dawowa. A 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi, zamanin Seyni Kountché. A daidai lokacin ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma su bar tohon kututture a gona, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran. Shi ne sassaben zamani. Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye suka kafa kwamitocin tsaron itace, abin ya bazu zuwa Gazawa da Tasawa da nan wajenmu, dokar gandun daji ta 2004 kuma ta sassauta wa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Amma duba abin da ya dawo: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, waɗanda kututturensu ko irinsu ya rage a ƙasa. Hano bai bar kututture mai rai ba a yawancin gonaki, don haka sassaben zamani bai same shi ba. Sai an dasa shi da hannu.

Dashensa kuwa ba wuya, shi ya sa kakanninmu ke shinge da shi. Ana saro reshe mai kaurin hannu a ƙarshen rani tun ganye bai fito ba, a jingine shi a inuwa bakin saran ya bushe, a kafa shi a tudu inda ruwa ba ya kwanciya kafin damina ta sauka, a kare shi daga awaki. In ya girma aka zo tsagar ƙaro, nan ma da ƙa'ida. Wani bincike a Eritiriya a 2006 ya nuna irin itacen lubban da aka matsa wa tsaga bai kai kashi 20 cikin 100 da ke tsirowa ba, na wanda aka bari ya huta kuwa ya haura kashi 80. A 2019 wani babban bincike ya yi gargaɗin cewa lubban ɗin Habasha da Sudan da Eritiriya na iya raguwa da rabi cikin shekara 20. Tsaga kaɗan, marar zurfi, da shekarun hutu, ita ce gabas da yamma ta ƙaro.

Muna da jami'a a Maraɗi, muna da cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna. Ina roƙonsu su auna ƙaron hanon ƙasarmu, su ƙidaya itatuwan da suka rage tsakanin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, su zauna da tsofaffin maharban da suka saura tun suna da rai. Ina roƙon masu shimfiɗa a kasuwa su ƙi karɓar ɓawon da aka kware zagaye, ai suna gane shi da gani. Kai kuma mai karatu, in kana da gona ko shinge a Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakwari, Gidan Sori ko Saye Sabuwa, ka nemi wanda ke da hano a tsaye, ka roƙe shi reshe biyu, ka kafa su bana kafin ruwan farko.